Aya Ɗaya a Baki, Sa'a Ɗaya a Keɓe: Yadda Yahudawa Ke Tafakkuri a Kan Nassi Don Warkar da Zuciya

A cikin Mishna, kundin dokokin Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, an ce salihan farko sukan zauna shiru na sa'a guda kafin su tashi addu'a, don su fuskantar da zukatansu ga Ubangiji. Talmud, babban sharhin malamai a kan Mishna, ya ƙara bayani: sa'a ɗaya kafin addu'a, sa'a ɗaya a cikinta, sa'a ɗaya bayanta, sau uku a yini. Sa'a 9 ke nan. Malaman da kansu sai da suka tambaya, to yaushe waɗannan bayin Allah suke karatu, yaushe suke neman abinci? Nassin bai bayyana abin da suke yi a cikin wannan zaman shiru ba, kuma yawancin hanyoyin tafakkurin da Yahudawa suka ɓullo da su daga baya, daga Andalus zuwa Masar zuwa Yukiren, ƙoƙari ne na amsa wannan tambaya a aikace.

Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi duka shi ne kalma. Shirun share fage ne kawai. Mai tafakkuri a wannan addini yana riƙe da aya daga Attaura ko Zabura ko littattafan annabawa, yana furta ta da leɓɓansa, yana rage gudunta har ta fara taɓa shi. Hankalin da ake so a sa a cikin furucin suna kiran sa kawana, kusan abin da Musulmi ke nufi idan ya haɗa niyya da hushu'i. Warkewar da ake nema kuwa ta rai ce: baƙin ciki, fushi, tsoro, nadama, jin an yi nisa da Mahalicci.

Mafarin kowa shi ne Shema, ayar Attaura da ke cikin littafin Maimaitawar Shari'a 6:4: "Ka ji, ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne." Kalma 6 ce da Ibrananci, ana karanta ta safe da yamma, sannan a sake a bakin gado. Mai karatu yana wanke hannu, ya tabbata wurin babu ƙazanta ko wari, domin doka ta hana ko tunanin kalmomin Attaura a irin wannan wuri. Sai ya rufe idanunsa da hannun dama, al'adar da ake dangantawa da Rabbi Yahuda, shugaban da ya tattara Mishna. Yana furta kalmomin yadda kunnensa zai ji. Idan ya zo kalmar ƙarshe, "ehad", wato ɗaya, sai ya ja harafinta na ƙarshe gwargwadon lokacin da zai ƙudurta a ransa cewa Allah ne Sarki a sama da ƙasa da kusurwoyi huɗu na duniya. Talmud ya ce da zarar ya gama wannan ƙudurin, ba a bukatar ya ƙara ja. Sunan Allah mai haruffa huɗu da ke cikin ayar ba a furta shi yadda aka rubuta. A addu'a ana cewa Adonai, a hira kuma Hashem, wato "Sunan".

A nan sababbin shiga ke yin kuskure na farko. Ganin ayar gajera ce mai daɗin faɗi, sai su so su mayar da ita wuridi, su yi ta maimaitawa. Talmud ya tsawatar a kan wannan, har aka ce a rufe bakin mai cewa "Shema, Shema", saboda mai sauraro zai iya zaton abin bauta biyu ake kira. Wanda ke neman ayar da zai nanata sai ya ɗauki wata. Wadda aka fi ɗauka ita ce ta Zabura 16:8, "Na sa Ubangiji a gabana kullum", wadda ake rubutawa a allo a rataya gaban mai jan addu'a a majami'u da yawa, don ido ya riƙa sauka a kanta.

Bayan Shema sai addu'ar tsayuwa, Amida, mai albarka 19 a ranakun aiki. Ana yin taku uku gaba, a haɗe ƙafafu, a fuskanci Urushalima, a yi ta a asirce: leɓe na motsi, na kusa ba ya ji. Sun koyi haka daga Hannatu mahaifiyar Annabi Sama'ila, wadda firist Eli ya zaci ta sha ta bugu saboda yadda take motsa baki ba sauti. Musa bn Maimun, babban malamin da aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya tsara horon daki-daki: mutum ya fara da kore duk wani tunani yayin karatun Shema da addu'a, ya daɗe a kan haka shekaru, sannan ya faɗaɗa zuwa lokacin karatun Attaura, sannan sauran littattafan annabawa. Shekaru ya ce, kuma wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar masu tallar sakamako cikin mako uku. A ƙarni na 20, Rabbi Ariye Kaflan na Amurka, wanda ya rasu a 1983, ya ba da ma'auni mai sauƙin bi: albarka ta farko ta Amida kalma 42 ce, idan aka ba kowace kalma kamar sakan 7, za a shafe kusan minti 5 a kanta kaɗai. Mutum na iya jan kalmar ita kanta, ko ya furta ta ya yi shiru kafin ta gaba. Albarka ta 8 ita ce ta neman waraka, an gina ta a kan Irmiya 17:14, "Ka warkar da ni, ya Ubangiji, zan warke", kuma a nan ake halatta wa mutum ya sa sunan mara lafiyarsa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau tsakanin masu neman sauƙin zuciya ita ce hitbodedut, keɓewa da Allah, kamar yadda Rabbi Nahman na Bireslof ya koyar. An haife shi a Yukiren a 1772, tattaɓa-kunnen wanda ya kafa tafarkin Hasidawa ne, wato Yahudawa masu ibada da shauƙi da zumuɗi, tarin fuka ya kashe shi a garin Uman a 1810 yana da shekara 38, bayan ya binne matarsa da wasu daga cikin 'ya'yansa. Mutum ne da ya san baƙin ciki daga ciki, shi ya sa umarninsa ba su da ƙawa.

Ya ce a ware sa'a ɗaya kowace rana. A tafi inda babu kowa: daji ko gona sun fi, dare ya fi rana saboda hayaniyar neman duniya ta lafa, amma ɗaki ma ya isa, kuma wanda ba shi da ɗaki ya lulluɓa da mayafin addu'arsa, ko ya ja bargo a gado, ko ya buɗe littafi a gabansa kamar mai karatu. Sannan ya yi wa Allah magana da bakinsa, da harshen da ya sha a nono. Mabiyansa Yidish suke ji, harshen Yahudawan gabashin Turai, don haka da Yidish ya ce su yi, domin zuciya ta fi saurin karyewa da harshen da mutum ke faɗa da ciniki da shi. Babu rubutaccen tsari, amma abin da mabiyansa suka saba shi ne su fara da godiya a kan abubuwa takamaimai, su bi da lissafin abin da suka aikata tun keɓewar jiya, su amsa laifi, sannan su roƙi abin da suke bukata, babba da ƙarami, har maɓallin riga.

Idan magana ta ƙi fitowa fa? Wannan yana faruwa da kusan kowa, kuma a nan yawanci ke watsar da abin. Nahman ya ce mutum ya mayar da rashin maganar ya zama maganarsa, ya ce wa Allah ga shi ya zo amma bakinsa ya ƙulle. In hakan ma ya gagara, ya riƙe kalma ɗaya, kamar "Ya Ubangijin talikai", ya yi ta faɗa ko da kwanaki ne. In ko ita ta gagara, zaman da ya yi da niyyar magana an karɓa. Ya kuma koyar da ihun da babu sauti: mutum ya ƙudurta ihu a ransa, ya bi shi a tunaninsa tun daga huhu har maƙogwaro, ba tare da na gefensa ya ji komai ba.

Nassi yana shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko, ya ce a mayar da karatu addu'a. Wanda ya karanta labarin Yusufu yana yafe wa 'yan'uwansa da safe, idan ya keɓe sai ya tambayi kansa nisan da ke tsakaninsa da wannan hali, ya ambaci wanda ya kasa yafe wa, ya roƙi a kai shi can. Almajirinsa Rabbi Natan, wanda ya rasu a 1844, ya rubuta tarin addu'o'i ta wannan hanya daga darussan malaminsa. Ƙofa ta biyu Zabura ce. Nahman ya ce mai karatu ya nemo kansa a cikin kowace aya: maƙiyan da Dawuda ke kuka da su, a wurin mai karatu, son zuciyarsa ne da tunanin da ke farautarsa, ramin da Dawuda ya faɗa shi ne halin da yake ciki yanzu. Ya kuma ware Zabura guda 10 da ya kira gyara na gaba ɗaya, a karanta su a jere: 16, 32, 41, 42, 59, 77, 90, 105, 137, 150. Asalin abin da ya ba da su dominsa shi ne tuba daga fitar maniyyi a barci, amma mabiyansa sun faɗaɗa su ga kowace irin karaya. Wanda ya bi jerin zai ga yana farawa da neman mafaka, ya ratsa amsa laifi da ciwo da ƙishin Allah da zaman bauta a Babila, ya ƙare da yabo da kaɗe-kaɗe. Karatu a natse bai wuce minti 20 zuwa 30 ba. Dubun-dubatar mutane na zuwa kabarinsa a Uman kowace sabuwar shekarar Yahudawa suna karanta su.

Wurin da koyarwarsa ta fi amfani ga mai ciwon rai shi ne bambancin da ya yi tsakanin karyayyar zuciya da baƙin ciki. Mai karyayyar zuciya kamar yaro ne da ke kuka don ya yi nisa da mahaifinsa. Mai baƙin ciki kuwa fushi yake yi, yana ganin an zalunce shi. Na farko magani ne, na biyu cuta. Tun da ɗaya na saurin rikiɗa ya zama ɗayan, ya ce a tsare karyewar zuciya a cikin sa'ar nan ɗaya, sauran yinin kuma a tilasta wa kai farin ciki, ko da da waƙa ne ko rawa ko barkwanci. Alamar da ya bayar a bayyane take: idan bayan keɓewa mutum ya ji sauƙi, karyayyar zuciya ce, idan ya tashi da nauyi da ƙin kansa, baƙin ciki ne ya shigo da rigar tuba. Maganin da ya ba wa irin wannan shi ne ya daina lissafin zunubi, ya nemo ɗigon alheri guda a cikin kansa, ko da aikin kirki ɗaya ne mai gauraye da riya, sannan ya nemo na biyu.

Rabbi Kalonimus Kalman Shafira na Piyasecno a ƙasar Folan ya bar wata hanya gajera da ɗaya daga cikin almajiransa ya ji daga bakinsa a shekarun 1930 ya rubuta, ana kiran ta lafar da tunani. Mutum ya zauna ya zuba wa tunaninsa ido na ɗan lokaci, yana tambayar kansa me nake tunani, ba tare da ya kore shi ba. A hankali gudun tunanin zai ragu. Sai ya ɗauki gajeriyar aya, misali "Ubangiji Allah na gaskiya ne" daga Irmiya 10:10, ya faɗe ta a hankali sau da yawa. Sannan ya roƙi hali ɗaya da yake son gyarawa, da sharaɗi biyu: ya faɗi abin da yake so ya zama maimakon abin da yake gudu, wato mai kasala ya roƙi himma, kada ya yi ta ambaton kasala, kuma ya faɗa da taushi, domin matsa wa kai yana farkar da son kan da ake so ya kwanta. A rufe da rera Zabura 86:11, "Ka koya mini hanyarka, ya Ubangiji." Wannan malami ya ci gaba da wa'azi a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawan Warso, ya binne rubuce-rubucensa a ƙasa, aka kashe shi a Nuwamba 1943. An tono rubutun bayan yaƙi.

Yahudawan Lituweniya, waɗanda ba su cika son zumuɗin Hasidawa ba, suna da tasu hanyar ta gyaran hali da Rabbi Isra'ila Salanta ya kafa. Ya rasu a 1883. Shi ya lura cewa sanin gaskiya ba ya canza hali, don haka ya ce a ɗauki aya ko maganar magabata da ta shafi aibin mutum, a rera ta da murya mai taɓa rai, a maimaita har ta ratsa. Da yawa daga mabiyansa suna haɗa wannan da jadawalin da Mandal Lefin ya wallafa a 1808: halaye 13, kowanne mako guda, zagaye 4 a shekara, mako 52 cif. Da safe a karanta jimlar halin makon, da dare a sa alama a duk inda aka zame. Ranar Asabar ba a rubutu, sai a riƙe a ka har Asabar ta wuce.

Mai karatu da ya san halwa a Ƙadiriyya ko Tijjaniyya zai ji wasu abubuwan nan ba baƙi ba ne, kuma akwai dalili na tarihi. Bahya bn Faƙuda na Andalus ya rubuta littafinsa kan farillan zukata da Larabci a ƙarni na 11, cike da tasirin masu zuhudu na Musulmi. Ibrahim ɗan Musa bn Maimun, shugaban Yahudawan Masar da ya rasu a 1237, ya fito fili ya yaba wa sufaye, yana ganin sun riƙe al'adun annabawan Isra'ila da Yahudawa suka sake: keɓewa a wuri mai duhu, tsayuwar dare, rage ci. Ya so ya shigar da wanke ƙafa da sujada da tsayuwa sahu-sahu a majami'a, wasu daga jama'arsa suka yi masa ca. Shi da waɗanda suka biyo shi sukan kafa hujja da Ishaku, wanda Farawa 24:63 ta ce ya fita saura da yamma don yin tunani.

Akwai kuma hanya mai zurfi da ba a ba kowa. Ibrahim Abulafiya, haifaffen Saragosa a 1240, ya koyar da jujjuya haruffa: mutum ya tsarkaka, ya sa fararen kaya, ya kunna fitilu da dare, ya ɗauki alƙalami yana haɗa haruffan sunayen Allah da wasulla ɗaya bayan ɗaya, yana ƙidaya numfashi, yana motsa kai sama ko ƙasa ko gefe gwargwadon wasalin. Shi da kansa ya yi gargaɗin rawar jiki da firgici mai kama da fitar rai. Babban malamin Baselona na zamaninsa, Shalomo bn Adret, ya yi fatawa a kansa, kuma yawancin littattafansa sun zauna a rubutun hannu ƙarnuka. Tsoron ya girmi Abulafiya: Talmud ya ba da labarin malamai 4 da suka shiga "lambu", wato zurfin ilimin ɓoye, ɗaya ya mutu, ɗaya ya taɓu, ɗaya ya yi ridda, Rabbi Akiba kaɗai ya fita lafiya. Daga baya aka sami masu cewa kada a shiga wannan fanni kafin shekara 40. Yau ana samun waɗannan darussa a intanet babu malami babu sharaɗi, kuma haɗa rashin barci da sarrafa numfashi da maimaita sauti na sa'o'i abu ne da zai iya rikita mai rauni ko da babu wani sirri a ciki.

Game da rashin lafiyar jiki, al'adar karanta Zabura tana da ƙarfi. An raba littafin gida 30 don sauka a wata, ko gida 7 don sauka a mako. Ga majinyaci akan karanta irin su 20, 30, 121, 130 da 142. Zabura 119 tana da aya 176, kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi aya 8. Sai a ɗauki haruffan sunan mara lafiya a karanta kashin kowane harafi a jere. Ana ambaton sa da sunan mahaifiyarsa, kuma addu'ar da ake yi masa a majami'a tana sa warakar rai gaba da warakar jiki. Amma an ja layi. Talmud ya hana yin magani da kalmomin Attaura, Musa bn Maimun kuma ya yi kakkausar magana a kan mai tofa aya a kan rauni ko mai ɗora littafi a kan yaro don ya yi barci, yana cewa sun mayar da Attaura maganin jiki alhali maganin rai ce. Abin da aka yarda da shi shi ne karatun ya zama roƙo da tuba. Musa bn Maimun kansa likita ne a fadar Ayyubawa, sarakunan Masar, kuma dokar da aka tsayar daga baya ta ɗauki jinya a matsayin wajibi, duk da cewa Nahman ya yi ƙaurin suna wajen ƙin likitocin zamaninsa. A ƙarshen shekarun 1970, Rabbi Menahem Mandal Shinason na Habad, wani reshe na Hasidawa, ya nemi likitoci Yahudawa su tsara tafakkuri na jinya da aka tsarkake daga al'adun bautar gumaka, domin masu bukatarsa a matsayin magani.

Cutar da ta fi kama masu himma ita ce waswasi. Mutum ya ji ana cewa a sa hankali a kowace kalma, sai ya fara komawa baya yana maimaitawa don bai tabbata ya yi niyya ba, addu'ar minti 10 ta koma sa'a, ya fito a gajiye yana jin ya yi laifi. Malamai sun toshe wannan ƙofa da gangan. Rabbi Musa Isarlis na Karako, a ƙarni na 16, ya yanke cewa wanda hankalinsa ya tafi a albarka ta farko kada ya sake Amida, tun da wataƙila a karo na biyu ma tafiya zai yi. Malaman baya sun riƙa umartar masu wannan larura su faɗi kalma sau ɗaya su wuce ko da shakka na cin su, wanda ya yi daidai da abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke sa masu ciwon maimaitawa su yi. Haka nan wanda ke cikin ciwon damuwa mai tsanani, sa'a guda shi kaɗai da dare yana tona laifinsa na iya ƙara dulmuyar da shi. Masu koyar da hitbodedut sukan ce irin wannan ya fara da minti 5 ko 10, da rana, a kan godiya kaɗai, yana tare da malami ko abokin karatu da zai riƙa gaya wa halin da yake ciki, kuma kada ya ajiye maganin asibiti.

Doka ta kuma san akwai lokacin da ba a ba wa mai ciwo ayar farin ciki. A kwana 7 na zaman makoki an hana mai makoki karatun Attaura na yau da kullum, saboda Zabura 19 ta ce umarnin Ubangiji na faranta zuciya. Abin da aka bar masa shi ne littafin Ayuba, da Makoki, da sassan baƙin ciki na Irmiya, da dokokin makokin kansu. Masu zuwa ta'aziyya ma ba sa fara magana sai shi ya fara, kamar yadda abokan Ayuba suka zauna tare da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan.